Kuregen Amurka da Inuwarsa: Ko Dabba Ta San Ƙarshen Hunturu?

Ranar 2 ga watan Fabrairu na kowace shekara, tun duhun asuba, dubban mutane su kan taru a kan wani ɗan tudu da ke bayan garin Punxsutawney, cikin Jihar Pennsylvania ta ƙasar Amurka. Sanyin wannan lokaci ya kan tsananta har ruwa ya daskare, amma ga jama'a nan tsaye cikin dusar ƙanƙara, waɗansu tun tsakar dare, suna kaɗe-kaɗe da raye-raye don jini ya motsa. Da gari ya soma wayewa, wajen ƙarfe bakwai da 'yan mintoci, sai waɗansu dattawa sanye da baƙaƙen kwat da dogayen malafu su hau dandamali. Shugabansu ya ɗauki sanda ya ƙwanƙwasa wata 'yar ƙofa da ke jikin kututturen itace. A buɗe, a zaro wata dabba mai ƙiba, mai gashi ruwan ƙasa, a ɗaga ta sama kowa ya gani. Shugaban ya kara kunnensa kusa da bakinta kamar mai karɓar asiri. Sa'an nan a warware takarda a karanta wa duniya hukuncin da ta yanke: ko dai ta ga inuwarta, watau saura mako shida hunturu ya wuce, ko kuwa ba ta gani ba, watau sanyi ya kusa naɗe tabarmarsa.

Duk wanda ya ji wannan labari karo na farko ya kan yi mamaki. Ƙasar da ta sauke mutum a kan wata tun shekarar 1969, ƙasar da taurarinta na ɗan adam ke auna gajimare dare da rana, ita ce kuma za ta koma tana neman labarin yanayi a bakin dabbar rami? Gaskiyar magana, da wuya a sami wanda ya gaskata abin da zuciya ɗaya a cikin taron nan. Su kansu dattawan masu malafa sun san wasa su ke yi, kuma sun san jama'a sun sani. Amma wasan ya girmi ita Amurkar kanta, kuma in aka bi asalinsa za a tarar tsoron yunwa ne ya haife shi.

Bari mu fara da ita dabbar. Da Turanci ana kiranta groundhog, watau aladen ƙasa, ko da ya ke ba ta haɗa dangi da alade ba ko kaɗan. Masana ilmin dabbobi sun sa ta gida ɗaya da kuregen da muka sani, don haka a cikin wannan bayani za mu kira shi kuregen Amurka. Ya fi namu girma nesa ba kusa ba, gama babbansa ya kan kai nauyin kilo 3 zuwa 6, ga gajerun ƙafafu masu ƙarfi da farata na tonon rami. Ciyawa da ganyaye ne abincinsa, kuma manoma ba su ƙaunarsa, saboda ɓarnar da ya ke yi a lambu da kuma ramukan da ya ke haƙawa cikin gona. In ya ga abin tsoro ya kan yi wani irin fito mai ƙarfi don ya gargaɗi 'yan'uwansa. Ana samunsa a gabashin Amurka da yawancin ƙasar Kanada.

Abin da ya fid da shi daban shi ne barcinsa. A ƙasashen arewa masu nisa, hunturu ya wuce 'yar iskar nan mai ƙura da ke busar da leɓe. Ƙasa ta kan daskare ta yi tauri kamar dutse, itatuwa su kaɗe ganye, ciyawa ta mutu ko ƙanƙara ta binne ta har wata uku ko huɗu. Dabbar da ke rayuwa a kan ɗanyen ganye, in ba ta yi ƙaura ba, to, dole ta nemi wata dabara. Shi kuregen Amurka dabararsa ita ce ya ci ya tara kitse duk lokacin ɗumi, sa'an nan wajen watan Oktoba ya shige ƙuryar raminsa, can ƙasa inda daskarewa ba ta kaiwa, ya toshe ƙofa, ya dunƙule. Zafin jikinsa, wanda a da ya ke wajen digiri 37 kamar na mutum, sai ya sauko har kusan digiri 5. Zuciyar da ke bugawa kamar sau 80 a minti ɗaya ta koma bugu biyar ko makamancin haka. Numfashi ma sai jefi-jefi. Wanda ya tono shi a wannan hali zai ɗauka gawa ce. Lokaci-lokaci ya kan ɗan farka, jikinsa ya yi ɗumi na 'yan sa'o'i, ya sake komawa. Kafin ya fito ya kan zubar da kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinsa, wani lokaci ma fiye. Masunta da suka taɓa tono gaiwa cikin busasshen taɓo da rani za su gane abin da a ke nufi: ita tana ɓuya ne daga fari, shi kuwa daga sanyi.

To, yaya aka yi wannan mai barci ya zama ɗan duba? Amsar tana Turai, kuma sai an fara duba ita ranar tukuna.

Ranar 2 ga Fabrairu ita ce cikon kwana 40 daga Kirsimeti. A wurin Kirista rana ce ta tunawa da arba'in ɗin Nana Maryamu, sa'ad da ta kai jaririnta Annabi Isa Haikali a Birnin Ƙudus. Tun zamanin da, a kan kai kyandirori majami'a a wannan rana a yi musu addu'a, shi ya sa Ingilishi da Jamusawa da Faransawa duk suka sa mata sunan da ya danganci kyandir ko haske. Amma ban da darajarta ta addini, ranar ta faɗo a wani wuri mai muhimmanci cikin lissafin rana. A arewacin duniya dare ya fi tsawo wajen 21 ga Disamba, dare da rana kuma su kan daidaita wajen 20 ga Maris. Farkon Fabrairu kusan shi ne tsakiyar wannan tazara. Rana ta soma tsawo har ido ya gane, amma sanyi bai saki ba.

Ga manomin Turai na shekaru ɗari uku ko huɗu da suka wuce, wannan shi ne lokacin leƙa rumbu. Shanunsa da tumakinsa suna ɗaure a ɗaki tun watan Nuwamba, ba su da abin ci sai busasshiyar ciyawar da ya yanka ya tara. Iyalinsa suna cin hatsin kaka, suna jin ɗumi da itacen da aka sare tun kafin ƙanƙara. Akwai wata ƙa'ida da manoman Jamus da na Ingila suka gada kaka da kakanni, cewa in ranar kyandir ta zo, wajibi ne rabin ciyawar dabbobi ya kasance yana nan ba a taɓa ba. Wanda ya duba ya ga tasa ta gaza rabi, ya san akwai magana. Ko dai ya rage wa dabbobi abinci su rame, ko ya yanka waɗansu, ko ya sayar da su da arha, ko ya ci bashi. In kuwa sanyi ya zarce har cikin Afrilu, saniyar da ya dogara gare ta don madara da huɗa tana iya mutuwa kafin sabuwar ciyawa ta tsiro. A kudancin Jamus kuma a wannan rana ce a ke biyan barorin gona ladansu na shekara, mai son sauya ubangida ya sauya. Ashe ke nan tambayar nan, “Saura kwana nawa sanyi ya wuce?” tambaya ce ta mutumin da ke ƙidaya dammunan ciyawa yana duban 'ya'yansa. Ba shi da rediyo, ba shi da ma'aunin iska. Abin da ke gare shi kawai shi ne sararin sama da dabbobin dawa.

Daga nan ne camfe-camfe suka yi rassa, kowace ƙasa da nata. Jamusawa suka ce dagen ƙasarsu, wani ɗan'uwan dagenmu mai zane fari da baƙi a fuska, ya kan leƙo daga rami ranar kyandir. In ya tarar da rana tana haske har ya ga inuwarsa, sai ya koma ya ƙara barcin mako huɗu. A Hangari da Romaniya da Sabiya beyar ce ke wannan aiki, sai dai mutanen Sabiya suna bin tsohuwar kalandar majami'arsu, don haka tasu ranar ta kan faɗo 15 ga Fabrairu. A ƙauyukan duwatsun Pyrenees, tsakanin Faransa da Spain, har yanzu samari su kan shafa baƙi su sa fatu su yi shigar beyar da ta farka daga barci, su bi mutane da gudu cikin gari; a shekarar 2022 hukumar UNESCO ta sa waɗannan bukukuwa cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. A tsaunukan Sikotlan kuwa maciji a ke cewa yana fitowa daga rami ranar 1 ga Fabrairu. Can ne kuma, da Ailan, a ke ba da labarin wata tsohuwa mai iko da hunturu, wadda ke fita neman itacen wuta a wannan rana. In ta yi niyyar tsawaita sanyi sai ta sa gari ya yi haske don ta tara itace da yawa. In kuwa gari ya wayi da hadari, to, barci ya kwashe ta, itacenta zai ƙare, dole ta sallami hunturu da wuri.

Mai karatu zai lura cewa dabbar tana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa, amma hukuncin ɗaya ne, kuma kamar a juye ya ke: rana mai haske ita ce mugun labari, ranar gajimare ita ce albishir. A nan ne, a ganina, ɗan ƙwayar gaskiyar da ke cikin al'amarin ta ke. A Turai, in sama ta yi garau cikin hunturu, galibi alama ce ta cewa busasshiyar iska mai nauyi daga gabas ko daga arewa ta zauna a kan ƙasa, kuma irin wannan iska tana iya yin kwanaki ba ta gusa ba. Da dare, tun da babu gajimaren da zai rufe ƙasa kamar bargo, ɗumin da ta tara da rana sai ya tsere sama, sanyi ya ƙaru. Gajimare kuwa yawanci iskar yamma ce ke kawo shi daga Tekun Atlantika, iska mai laima da ɗan ɗumi. Saboda haka tsohon manomin da ya ce hasken rana a farkon Fabrairu abokin sanyi ne bai yi ƙarya ba. Inda ya zarce shi ne da ya miƙa abin da ke iya zama gaskiya na kwana uku ko biyar har zuwa mako huɗu ko shida. Ko masana na yau da manyan na'urorinsu, in hasashe ya wuce kamar kwana goma, sai su koma maganar “mai yiwuwa”. Ita dabbar kuwa ado ce kawai aka yi wa maganar. Inuwa ai rana ke yin ta, ko da dage ko ba dage.

Jamusawa suka soma ƙaura zuwa Pennsylvania a shekarar 1683, suka yi ta kwarara cikin ƙarni na 18, yawancinsu manoma. Sun tafi da harshensu da addininsu da camfinsu, amma ba su tarar da dage a sabuwar ƙasar ba. Abin da suka tarar birjik a bakin gonakinsu shi ne kuregen nan mai rami, mai barcin hunturu. Sai suka naɗa shi a gurbin dage. Mako huɗu kuma ya zama shida. Rubutu mafi daɗewa da aka sani a kan al'adar a Amurka yana cikin littafin tunawa na wani mai kanti, James Morris, na garin Morgantown, wanda ya rubuta a farkon shekarun 1840 cewa haka maƙwabtansa Jamusawa ke faɗi.

Akwai wani reshe na wannan labari da ya fi burge ni, ko da ya ke ba a cika ba da shi ba. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, jin Jamusanci ya zama abin zargi a Amurka, harshen jikokin waɗannan manoma ya soma ja da baya. A cikin shekarun 1930 sai waɗansu daga cikinsu suka kafa ƙungiyoyi da sunan kuregen, ta farko a birnin Allentown. Su kan taru sau ɗaya a shekara a ci abincin gargajiya, a yi jawabai da wasannin ban dariya, duk da harshen kakanni, kuma wanda ya kuskura ya saki kalmar Turanci sai ya jefa tarar 'yan kwabbai cikin kwano. Duk wanda ya yi renon 'ya'ya a zango ko a wata ƙasa mai nisa, yana jin harshen gida na suɓuce musu, ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin abin da ya sa dattawa za su fake da dabbar rami don su sami dalilin haɗuwa.

Shi kuwa garin Punxsutawney, wanda mutanensa ba su kai 6,000 ba, jarida ce ta ɗaukaka shi. A shekarar 1886 jaridar garin ta ambaci ranar, a 1887 kuma aka fara hawa tudun nan da a ke kira Gobbler's Knob. Ana danganta ƙirƙiro bikin ga wani editan jaridar mai suna Clymer Freas. Abin dariya, mutanen farko da suka riƙe al'adar mafarauta ne, waɗanda kan yi walima da naman kuregen a ƙarshen lokacin zafi. Daga baya ne ya tashi daga tukunya ya hau gadon sarauta, aka raɗa masa suna Phil. Masu kula da shi suna cewa, da fuska a murtuke, wai shi ɗin dai ne tun 1887, don kowace shekara suna ba shi wani tsimi da ke ƙara masa shekara bakwai, alhali kuwa irinsa a dawa ba ya cika wuce shekara shida. A 1993 aka yi wani fim mai suna Groundhog Day, inda Bill Murray ya fito a matsayin mai ba da labarin yanayi a talabijin wanda ya maƙale cikin rana guda tana ta maimaituwa. Ko da ya ke a Jihar Illinois aka ɗauki yawancin fim ɗin, tun daga lokacin taron da a da bai wuce mutum dubu biyu ba ya koma dubu goma-goma, masu masauki da masu sayar da abinci suna godiya. Waɗansu garuruwa ma sun kafa nasu. A Kanada akwai na garin Wiarton, a birnin New York kuma akwai wanda ya ciji magajin gari Michael Bloomberg a yatsa a shekarar 2009.

To, yana dacewa kuwa? An ƙidaya. Tun da aka fara rubutawa, Phil ya ga inuwarsa fiye da sau 100, bai gan ta ba sau 20 da 'yan kai. Hukumar Amurka mai lura da teku da sararin sama ta kan gwada maganarsa da zafin da aka auna a faɗin ƙasar cikin Fabrairu da Maris, kuma abin da ta ke samu shi ne yana dacewa kamar sau 4 cikin 10, ko ƙasa da haka. A 2021 waɗansu masana na Jami'ar Lakehead ta Kanada suka tattara hasashe fiye da 500 na kuregu dabam-dabam, suka gwada da lokacin da wata furen daji ke buɗewa a kowane wuri, suka tarar rabi daidai, rabi kuskure. Jefa kwabo sama ma haka zai bayar. Akwai kuma wata 'yar dabara cikin lissafin da ba kowa ke lura da ita ba: mako shida daga 2 ga Fabrairu ya kai mutum 16 ga Maris, saura kwana huɗu ke nan hunturu ya ƙare bisa kalanda. Watau in ya ce saura mako shida, bai faɗi abin da kalandar bango ba ta faɗa ba. Har wa yau, shi Phil ba a rami ya ke zaune ba. Ɗaki aka gina masa mai ɗumi a jikin laburaren garin, ana ciyar da shi duk shekara, kuma takardun hukuncin nan biyu a rubuce su ke tun kafin a fito da shi. Masu kare hakkin dabbobi sun sha kukan cewa ɗaga dabba mai tsoro a gaban fitilu da ihun dubban mutane zalunci ne, har wata ƙungiyarsu ta ba da shawara a 2020 a musanya shi da mutum-mutumin inji.

'Yan'uwansa na dawa fa? Bincike da aka yi a Pennsylvania ya nuna cewa lalle waɗansu su kan fito cikin Fabrairu, kuma maza ne. Namiji ya kan farka da wuri, ya zaga ramukan matan da ke yankinsa ya san inda kowace ta ke, sa'an nan ya koma ya ci gaba da barci har watan Maris, lokacin barbara. Ashe abin da manoman da suka gani da idonsu gaskiya ne: dabbar ta fito, ta duba, ta koma. Fassarar ce tasu. Shi gogan zance ya je.

Kada wannan ya sa a ce duk mai duban dabbobi don sanin lokaci ɗan camfi ne. Sanin gaibu sai Allah, amma akwai bambanci tsakanin dabbar da aka ɗora wa duba da dabbar da ke ba da shaidar abin da ya riga ya soma. Shamuwa in ta sauka a kan itatuwan gari a ƙasar Hausa, manomi ya kan fara gyaran gona, kuma yana da hujja, domin tsuntsuwar tana biyo damina ne daga kudu, tana bin fara da ƙwarin da ruwa ke tayarwa. Ta zo ne daga inda ruwan ya riga ya sauka. Haka tsattsewar da ke isa Ingila cikin Afrilu bayan ta ƙetare Hamadar Sahara: sai ƙwari sun fito ta ke samun abinci. Irin wannan lura ce wani mai gonaki a Norfolk ta Ingila, Robert Marsham, ya mai da ita ilmi. Daga shekarar 1736 ya shiga rubuta ranar da ya fara ganin tsattsewa, da ranar da kwaɗi suka fara kuka, da ranar da kowane irin itace ya yi toho, har alamu 27. Zuriyarsa suka ci gaba da rubutun har 1958. Shekara ɗaya ba ta gaya wa mutum kome, amma shekara ɗari biyu a jere ta zama ma'auni, kuma masu binciken sauyin yanayi suna amfani da littattafan gidan Marsham har yau.

Da wannan hanya ce dangin kuregen Amurka suka ba da labarin da ya fi na Punxsutawney nauyi. A duwatsun Jihar Colorado, a wani wuri mai tsawon kusan mita 2,900 daga teku, akwai tashar bincike inda aka daɗe ana rubuta ranar da wani ɗan'uwansa mai rawayan ciki ke fara fitowa daga rami. A shekarar 2000 David Inouye da abokan aikinsa suka buga sakamakon: cikin shekara 23, ranar fitowar ta matso gaba da kwana 38. Iskar watan Afrilu ta ƙara ɗumi, ita ce ke tashinsu. Amma a waɗannan shekaru ranar narkewar ƙanƙara a kan duwatsun ba ta matso ba, saboda ƙanƙarar da ke zuba da hunturu ba ta ragu ba. Sai ga dabba ta tashi da yunwar wata bakwai, ta huda ƙanƙara ta fito, ciyawar da za ta ci kuwa tana binne a ƙarƙashin sawunta, saura makonni kafin ta bayyana.